Ƙirar Fiya: Yadda Masu Faɗin Ƙugu Za Su Rage Ƙiba Su Ƙarfafa Jiki

Kowane jiki da wurin da ya fi tara kitse. Wani a ciki yake tarawa, ya yi tumbi alhali ƙafafuwansa sirara ne. Wani kuma ƙasa kitsen yake gangarawa, ya zauna a ƙugu da mazaunai da cinyoyi, kafaɗu da ƙirji da kunkumi su tsaya yadda suke. Wannan ƙira ta biyu ita masana lafiya suke kira ƙirar fiya, saboda sama siriri ne ƙasa kuma da faɗi, ta farkon kuwa suna kiranta ƙirar tuffa. Ƙirar fiya ta fi yawa a cikin mata, musamman daga balaga zuwa lokacin ɗaukewar al'ada, ko da yake ana samunta jifa-jifa a cikin maza. Ta bambanta da ƙirar kalangu, wadda a cikinta faɗin sama da na ƙasa suke kusan daidai, tsakiya kaɗai ta tsuke.

Likitan da ya fara jawo hankali ga wannan bambanci shi ne Jean Vague, Bafaranshe da ya yi aiki a birnin Marseille. A shekarar 1947 ya raba ƙiba gida biyu, ta sama irin wadda aka fi gani ga maza da ta ƙasa irin wadda aka fi gani ga mata, kuma ya lura cewa ciwon suga da cututtukan jijiyoyin jini sun fi bin masu ƙibar sama. Binciken da aka yi ta yi bayansa ya gaskata shi, har ta kai yau likita ba ya tsayawa ga nauyin mutum kaɗai, sai ya duba inda nauyin ya taru.

Yadda ake gane ƙirar

Tef ɗin awo irin na tela ya isa. Ana auna kunkumi a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, mutum yana tsaye, bayan ya fitar da numfashi ba tare da ya shanye ciki ba. Sannan a auna ƙugu a wurin da mazaunai suka fi faɗi. Sai a raba awon kunkumi da awon ƙugu. Macen da kunkuminta ya kai santimita 76, ƙugunta 104, lissafinta zai ba da 0.73, wannan ƙirar fiya ce ba tantama. Wadda kunkuminta ya kai 92, ƙugunta 100, za ta sami 0.92, kitsenta a ciki ya fi yawa ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyaka a 0.85 ga mata da 0.90 ga maza. Daga nan zuwa sama haɗarin ciwon suga da na zuciya yana ƙaruwa sosai.

Awon kunkumi shi kaɗai ma yana da abin da yake nunawa. Ga mace, wuce santimita 80 alamar gargaɗi ce, wuce 88 kuwa haɗari ne babba. Ga namiji iyakokin su ne 94 da 102. Akwai kuma ƙa'ida mai sauƙin riƙewa da hukumomin lafiya na Birtaniya suke bayarwa: kada zagayen kunkumi ya kai rabin tsawon mutum. Mai tsawon santimita 160 ta nemi kunkuminta ya tsaya ƙasa da 80.

Ma'aunin da aka fi sani a asibiti shi ne na nauyi da tsawo, wanda ake raba nauyin mutum na kilo da tsawonsa na mita, sannan a sake raba sakamakon da tsawon. Daga 18.5 zuwa 24.9 daidai ne, daga 25 zuwa 29.9 nauyi ya wuce kima, 30 zuwa sama ƙiba ce. Naƙasun wannan ma'auni shi ne bai san tsoka da kitse ba, bai kuma san inda kitsen yake ba. Mata biyu suna iya zuwa da lamba ɗaya, amma lafiyarsu ta yi hannun riga.

Abin da ke sa kitse taruwa a ƙasa

Abu na farko gado ne. Wani babban bincike da aka buga a mujallar Nature a 2015, wanda ya haɗa mutane sama da dubu 200, ya gano wurare 49 a cikin ƙwayoyin gado da suke da hannu a yadda kitse yake rabuwa tsakanin ciki da ƙugu, kuma da yawa daga cikinsu sun fi tasiri ga mata. Shi ya sa ake ganin ƙira ɗaya tana bin uwa da 'ya da jika.

Na biyu shi ne sinadarin estirojin, wanda jikin mace yake samarwa da yawa daga balaga. Shi yake karkata kitse zuwa ƙugu da cinyoyi. Ƙwayoyin kitsen wannan yanki suna saurin karɓar mai daga jini, amma suna nawa wajen sakinsa, domin suna ɗauke da makarɓai masu taka wa narkewar kitse birki fiye da waɗanda suke ƙwayoyin ciki. Kitsen ciki na cefanen yau da gobe ne, shiga da fita yake yi. Na cinya kuwa rumbu ne, ba a buɗe shi sai buƙata ta yi tsanani. Binciken da aka yi a Suwidin a shekarun 1980 ya nuna cewa lokacin shayarwa ne wannan kitse ya fi sakin jiki, abin da ya sa masana suke ganin tanadi ne na goyon ciki da samar da nono.

Idan al'ada ta ɗauke, estirojin yana raguwa, ajiyar kitse ta fara komawa ciki. Mace da ta shekara talatin da ƙirar fiya tana iya wayar gari ta ga tumbi ya fito mata bayan ta haura hamsin, ko da sikeli bai nuna wani ƙari mai yawa ba. A maza kuma, raguwar sinadarin mazakuta na testostaron tana iya kawo taruwar kitse a ƙugu da ƙirji, kuma idan abin ya zo farat ɗaya ya cancanci a je asibiti.

Amfaninsa da illarsa

Kitsen ƙugu da cinya a ƙarƙashin fata yake. Bai kewaye hanji ba, kuma abin da yake saki ba ya zarcewa kai tsaye zuwa hanta kamar yadda kitsen cikin tumbi yake yi. Binciken INTERHEART, wanda Farfesa Salim Yusuf na Jami'ar McMaster ta Kanada ya jagoranta a ƙasashe 52, ya nuna a 2005 cewa awon kunkumi da ƙugu ya fi ma'aunin nauyi da tsawo hasashen bugun zuciya, kuma faɗin ƙugu yana tafiya da raguwar haɗarin. A 2010 masu bincike a Jami'ar Oxford suka tattara abin da aka sani, suka kammala cewa kitsen wannan yanki yana kama mai ya riƙe, ya hana shi zuwa ya maƙale a hanta da tsoka, kuma yana da alaƙa da kyawun sukari da kolestarol a jini.

Wannan ba lasisin tara nauyi ba ne. Kilo kilo ne a wurin gwiwa, ko a ina ya zauna. Masu bincike a Jami'ar Wake Forest ta Amurka sun lissafta a 2005 cewa duk kilo ɗaya da mai ciwon gwiwa ya rage yana sauke wa gwiwarsa kimanin kilo huɗu na matsi a kowane taku. Nauyin ƙasa idan ya yi yawa yana kawo zaizayar gwiwa, da ciwon kwankwaso, da fitowar jijiyoyin ƙafa, da gugar cinyoyi da ke sa fata ta saɓule a lokacin zafi. Bugu da ƙari, wurin ajiyar yana da iyaka. Idan ya cika, rarar kitsen ciki take nufa, sai a haɗa ƙibar sama da ta ƙasa.

Saboda haka ba duk mai faɗin ƙugu ce take buƙatar rage nauyi ba. Wadda ma'auninta na nauyi da tsawo yake ƙasa da 25, kunkuminta bai kai 80 ba, jininta da sukarinta lafiya lau, abin da ya kamace ta shi ne motsa jiki da ƙarfafa tsoka. Rage nauyi ya zama dole ne ga wadda ma'auninta ya haura, ko kunkuminta ya fara faɗi, ko gaɓoɓinta suka fara kuka.

Ba a zaɓar wurin da kitse zai narke

Babban kuskuren da aka fi yi shi ne zaton cewa motsa cinya zai narkar da kitsen cinya. An gwada wannan zato sau da yawa, kuma bai tsaya ba. A 1971 aka auna hannuwan 'yan wasan tanis a Kalifoniya, waɗanda suka shekara da shekaru suna aiki da hannu ɗaya fiye da ɗaya. Hannun wasan ya fi tsoka, amma kaurin kitsen hannuwan biyu ɗaya ne. A 2013 aka sa wasu mutane a ƙasar Chile su yi mako 12 suna horar da ƙafa ɗaya kawai. Kitsen jikinsu ya ragu, amma daga sama ya ragu, ƙafar da ta sha wahalar ba ta fi 'yar uwarta ramewa ba.

Dalilin yana cikin yadda jiki yake aiki. Tsokar da take motsi ba daga kitsen da yake kanta take cin abinci ba. Ƙwayoyin kitse na ko'ina a jiki suna sakin mai cikin jini, jini ya kai shi ga tsokar da take buƙata, ta ƙone shi. Wani lissafi da aka buga a mujallar likitoci ta Birtaniya a 2014 ya nuna cewa cikin kilo 10 na kitsen da ya narke, kilo 8.4 ta numfashi yake fita a matsayin iska, sauran 1.6 ya zama ruwa. Gumi ba kitse ba ne. Wanda ya naɗe cinya da leda ko ya sa belin matse ciki ruwa kawai ya zubar, kuma da ya sha zai dawo.

Ga mai ƙirar fiya, ma'anar wannan ita ce rama takan fara ne daga fuska da wuya da ƙirji da kunkumi, ƙugu da cinya su zo a ƙarshe. Mata da yawa a nan suke karaya: riga ta yi yawa, siket yana nan daram. Alhali aikin yana tafiya, layi ne bai zo kan cinya ba tukuna. Ita ƙirar kuma ba ta canjawa gaba ɗaya, domin faɗin ƙashin ƙugu ba ya raguwa. Abin da ake samu shi ne fiya ƙarama, mai ƙarfi, marar nauyi.

Abinci

Kitse yana narkewa ne idan abin da jiki ya ƙone ya fi abin da ya ci. Rage kimanin kalori 500 a rana yakan sauke kusan rabin kilo a mako a farkon tafiya, kuma hukumomin lafiya suna ba da shawarar kada a wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Babu wani abinci na musamman da aka tabbatar yana narkar da kitsen cinya. Tsarin cin abinci na mai ƙirar fiya ɗaya ne da na kowa.

Mai shi ne wurin farawa. Giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, na sitaci ko furotin 4 kawai. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja ya kai kalori 120, kuma wanda ya saba tsiyaya mai a kan garau-garau ko ɗanwake ba tare da awo ba yana iya zuba cokali uku ko huɗu bai sani ba. Auna mai da cokali kafin a zuba a tukunya, da mai da soye-soye irin su ƙosai da fanke da masa da soyayyar doya abin marmari maimakon na kullum, suna rage kalori mai yawa ba tare da an ji yunwa ba.

Sai sukari, musamman na sha. Robar lemo ta rabin lita takan ƙunshi sukari kusan giram 50 da kalori kusan 200, kuma giram 50 ɗin nan shi ne gejin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wa babban mutum na yini guda. Tafiyar sauri ta rabin awa ba ta ƙone abin da robar nan ɗaya ta zuba. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da fura da shayi mai kauri duk hukuncinsu ɗaya idan aka cika musu sukari. Abin sha ba ya ƙosarwa kamar abin da aka tauna, shi ya sa yake shigewa ba a lissafa shi ba.

Tuwo da shinkafa da taliya ba a haramta su, yawansu ake ragewa. Hanya mai sauƙi ita ce a raba faranti: rabi ganye da kayan lambu, kwata abinci mai furotin, kwata tuwo ko shinkafa. Zogale da rama da alayyahu da kabeji da kuɓewa da kabewa da yalo suna cika ciki da kalori kaɗan, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana son mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da na marmari a rana. Gero da dawa da acca da masarar da ba a surfe su tas ba sun fi farar fulawa da farar shinkafa daɗewa a ciki, sukarinsu kuma a hankali yake shiga jini.

Furotin yana da muhimmanci na musamman, domin shi yake hana jiki cin tsokarsa yayin da abinci ya ragu, kuma ya fi sauran kashe yunwa. Masana da yawa suna ba mai rage nauyi shawarar giram 1.2 zuwa 1.6 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, in dai ba shi da ciwon ƙoda. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6. Wake da alala da waken suya da awara da kifi da kaza da nama marar kitse da nono da kindirmo marar sukari duk suna bayarwa, kuma gara a rarraba shi a karin kumallo da abincin rana da na dare da a tara shi lokaci guda. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna da furotin amma da mai a jikinsu, don haka cikin tafin hannu ya isa.

Horon yunwa mai tsanani yakan jawo akasin abin da ake nema. Mai ƙirar fiya da ta ƙuntata wa kanta sai fuska ta zabge, ƙasusuwan wuya su fito, tsoka ta tafi, cinya kuma tana nan, daga baya yunwa ta rinjaye ta nauyin ya dawo. Azumi ma haka: binciken da aka tattara kan watan Ramadan ya nuna mutane sukan rage kimanin kilo ɗaya, amma galibi ya dawo cikin 'yan makonni bayan salla, saboda abin da ake ci tsakanin buɗa baki da sahur shi yake yanke hukunci.

Motsa jiki

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ga manya ita ce minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko 75 zuwa 150 na mai tsanani, tare da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Matsakaicin motsi shi ne wanda numfashi yake ƙaruwa amma mutum yana iya magana. Mai tsanani shi ne wanda ba a iya haɗa jimla ba tare da an tsaya an ja numfashi ba. Mai neman rage nauyi ta nufi saman wannan ma'auni, amma a hankali za ta hau: minti 10 ko 15 a makon farko, a riƙa ƙarawa.

Tafiyar sauri ita ce mafi sauƙi kuma mafi aminci ga gwiwa. Tuƙa keke da iyo su ma ba sa dukan gaɓoɓi. Gudu da tsallen igiya da hawa matakalar bene suna ƙone kalori da sauri, sai dai mai nauyi sosai ta jinkirta su har nauyin ya ragu, tsokar cinya ta yi ƙwari. Wadda ba ta da halin fita tana iya zagaya tsakar gida, ko taka a tsaye, ko hawa da sauka a kan dakali. Aikin gida mai sa haki, irin su daka da shara da ɗiban ruwa, yana shiga lissafi. A lokacin zafi sanyin safiya da bayan la'asar sun fi dacewa, da ruwan sha a kusa. Dogon wando mai laushi da yake kama jiki a ƙarƙashin sutura, ko shafa man baselin, yana hana gugar cinyoyi.

Ƙarfafa saman jiki shi ne abin da masu wannan ƙira suka fi sakaci da shi, alhali shi ya fi saurin gyara tsayuwar jiki. Idan kafaɗu da baya suka ɗan cika, faɗin ƙugu yakan daidaita da su a ido. Ana farawa da tura bango: a tsaya nesa da bango taku ɗaya, a dafa shi, a lanƙwasa gwiwar hannu har ƙirji ya kusanto, a tura a koma. Idan ya yi sauƙi sai a koma dafa teburi, daga nan ƙasa a kan gwiwoyi. Ana ɗaga robobin ruwa biyu daga kafaɗa zuwa sama, ko a buɗe hannuwa da su gefe da gefe har daidai kafaɗa. Domin baya kuma, a sunkuya da gadon baya a miƙe, a jawo jarka ko jaka mai nauyi zuwa gefen ciki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka mutum yana iya sanin nauyin da yake ɗagawa.

Ƙasan jiki ma ba a barinsa. Tsoron cewa motsa cinya zai ƙara mata girma ba shi da tushe mai ƙarfi, domin mace ba ta da testostaron da yawa kamar namiji, kuma tsoka ba ta kumbura cikin sauƙi ga wanda yake rage abinci. Tsokokin mazaunai da cinya su ne mafiya girma a jiki, su suke riƙe gwiwa da kwankwaso, kuma su suka fi zuƙe sukari daga jini. Zama a kujera da miƙewa ba tare da dafa komai ba shi ne matakin farko, daga nan tsugunno da miƙewa ba kujera. Akwai kwanciya rigingine da gwiwoyi a lanƙwashe a ɗaga ƙugu sama, da kwanciya a gefe a ɗaga ƙafar sama, da taku mai faɗi gaba a durƙusa a dawo. Kowane ɗaya a yi shi sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya, a maimaita zagaye biyu ko uku. Idan sau 12 ya daina wahalarwa, lokacin ƙara nauyi ya yi.

Mako mai tsari yana iya zama haka: tafiyar sauri ta minti 30 zuwa 45 kwana biyar, aikin tsoka na jiki duka kwana biyu ko uku waɗanda ba sa jere, da yini ɗaya na hutu. Ciwon tsoka na kwana ɗaya ko biyu bayan sabon motsi ba abin damuwa ba ne. Ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko ciwon ƙirji, ko jiri, alama ce ta a tsaya a nemi likita. Barci ma yana cikin shirin: ƙasa da awa 7 a dare yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi.

Auna ci gaba

Sikeli yana yaudara idan aka hau shi kullum. Gishiri da cikar ciki da gabatowar al'ada suna iya ƙara kilo ɗaya ko biyu na ruwa wanda zai tafi da kansa. Hawa sau ɗaya a mako, da safe kafin a ci komai, ya wadatar, sannan a auna kunkumi da ƙugu da cinya sau ɗaya a wata a rubuta. Saurin tafiya da sauƙin hawa bene da tashi daga tabarma ba dafawa su ma shaida ne.

Ba sai an zubar da nauyi mai yawa ake ganin amfani ba. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, yana sauke hawan jini da sukari. A babban gwajin rigakafin ciwon suga na Amurka da aka buga a 2002, waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a mako sun rage haɗarin kamuwa da ciwon da kashi 58. Bayan 'yan watanni saukar nauyi takan tsaya cik, saboda ƙaramin jiki abinci kaɗan yake ƙonewa. Maganin wannan shi ne a sake duba awon mai da sukari, a ɗan ƙara motsi.

Lokacin da ba ƙiba ba ce kawai

Akwai wata cuta da ake kira lifidima, wadda likitoci biyu na asibitin Mayo a Amurka, Allen da Hines, suka bayyana a 1940. Kusan mata kaɗai take kamawa, kuma takan fara a balaga ko goyon ciki ko ɗaukewar al'ada. Ƙafafuwa biyu suna yin kauri daidai da juna daga ƙugu zuwa idon sawu, amma tafin ƙafa ba ya kumbura. Wurin yana zafi idan an taɓa, jini yana saurin kwanciya a fata, kuma rage abinci ba ya taɓa shi sosai. Mai irin waɗannan alamu likita take buƙata, kuma safar matsi da motsi cikin ruwa suna cikin abin da yake sauƙaƙa mata. Kumburin ƙafa ɗaya, ko wanda yake lotsawa idan an danna, ko wanda ya haɗa da tafin ƙafa, yana iya zama na ƙoda ko zuciya ko toshewar jijiya ko tundurmi, kuma ba a jira da shi. Gurbin da yake fitowa a fatar cinya da mazaunai kuwa ba cuta ba ne. Galibin mata baligai suna da shi, har da sirara.

Gajerun hanyoyi da haɗarinsu

Zuƙe kitse ta hanyar tiyata yana rage girman cinya, amma ba ya maganin ƙiba. Wani gwaji a Jami'ar Colorado da aka buga a 2011 ya nuna cewa matan da aka zuƙe wa kitsen cinya da ƙugu ya dawo musu cikin shekara guda, kuma a ciki ya fi taruwa. Shayin rage ƙiba da ake tallarsa galibi zawo ko yawan fitsari yake sawa, kuma an sha kama wasu da sinadarin sibutramin a ɓoye, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana ƙara haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Sabbin allurai irin su semaglutaid, wadda Amurka ta amince da ita don rage ƙiba a 2021, suna aiki, amma na masu ƙiba ta ainihi ne, a hannun likita, kuma nauyin yakan dawo idan aka daina.

A ƙasar Hausa, inda ake yaba cikar ƙugu, haɗarin yakan zo ta ɗaya ɓangaren ma. Ƙwayoyin ƙara ƙiba da ake kira sha-ka-fashe sau da yawa suna ɗauke da deksametason, kuma wannan magani a fuska da ƙeya da ciki yake tara kitse, ya cinye tsokar cinya da mazaunai, ya kawo hawan jini da ciwon suga da raunin ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha ba ta yanke shi rana ɗaya, sai likita ya tsara mata yadda za ta riƙa ragewa.

Mai juna biyu ba ta shiga shirin rage nauyi, ko da yake tafiya da motsi mai sauƙi suna yi mata amfani idan ba a hana ta a asibiti ba. Mai jego takan jira kimanin mako shida, wanda ya yi daidai da arba'in, kuma wadda aka yi wa tiyata sai an duba ta. Shayarwa kaɗai tana cin kusan kalori 500 a rana. Mai ciwon suga ko hawan jini ko ciwon zuciya ta sanar da likitanta kafin ta fara, domin adadin magani yakan buƙaci gyara idan nauyi ya sauka.

Riƙe abin da aka samu

Sauke nauyi ya fi hana shi dawowa sauƙi. Tun 1994 wasu masu bincike a Amurka, Rena Wing da James Hill, suke bin diddigin dubban mutanen da suka rage aƙalla kilo 13 da rabi kuma suka riƙe hakan shekara ɗaya ko fiye. Hanyoyin da suka bi wajen ragewa sun bambanta, amma ɗabi'unsu na bayan nan sun yi kama: galibinsu suna motsa jiki kimanin awa ɗaya a rana, mafi yawa tafiya ce, suna karya kumallo, suna hawa sikeli aƙalla sau ɗaya a mako, kuma ba su koma tsohon cinsu ba. Ga mai ƙirar fiya akwai ƙarin abu ɗaya, wato ci gaba da auna kunkumi yayin da shekaru suke ja, domin da zarar al'ada ta ɗauke kariyar da ƙirar take bayarwa tana raguwa, kuma tsokar da aka gina tun da wuri ita take taimakawa wajen riƙe sukari da ƙashi da gwiwa a shekarun da suke biyo baya.